Yadda Ake Rubuta Insha'i Mai Gamsarwa: Jagora ga Ɗalibi da Mai Sha'awar Rubutu

Duk malamin da ya taɓa duba takardun ɗalibai a darasin Hausa ya san wannan abin mamaki. Yaron da zai zauna a dandali ya ba da labarin wasan ƙwallo kowa ya yi tsit yana saurarensa, da yarinyar da za ta kwashe abin da ya faru a gidan biki tsaf ba ta bar komai ba, su ne idan aka miƙa musu takarda da biro aka ce su rubuta insha'i sai hannu ya sage. Su yi layi biyar suna maimaita abu guda, sannan su tsaya. Ba Hausa ce ta gagare su ba, da ita suka tashi, da ita suke kwana.

Abin da ya bambanta shi ne, a hira mai sauraronka yana gabanka. Idan ka tsallake wani abu zai ce, "Tsaya, wa ya faɗi haka?" Idan bai gane ba za ka gani a fuskarsa ka sake bayani. A rubutu babu wannan dama. Mai karatu ba zai iya katse ka ba, abin da ka ajiye a takarda shi kaɗai yake da shi. Saboda haka aikin marubuci shi ne ya hango tambayoyin mai karatu tun kafin a yi su, ya amsa su ɗaya bayan ɗaya. Duk dabarun da za a kawo a wannan jagora daga nan suka samo tushe, ko ana shirin jarrabawar WAEC da NECO ne, ko ana son aika maƙala ga jarida, ko aikin aji ne a kwaleji.

Ka fara gane abin da ake nema

Kuskuren farko yakan auku ne tun ba a rubuta harafi ɗaya ba. Ɗalibi ya ga kalmar "kasuwa" a cikin tambaya, sai ya duƙufa yana zuba duk abin da ya sani game da kasuwa, alhali an ce ne ya siffanta ta, ko ya ba da labarin wata rana da gobara ta tashi a cikinta. Ka karanta tambaya sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni, domin ita ce take gaya maka irin insha'in da ake so.

Idan an ce "ba da labari", ana son abubuwa su zo bi da bi yadda suka faru, da mutane, da wuri, da lokaci. Idan an ce "siffanta", ana son mai karatu ya ga abin a zuciyarsa kamar yana wurin: kamanninsa, girmansa, ƙamshinsa, ƙararsa. Idan an ce "yi bayani", kamar yadda ake dama fura ko yadda ake rini a karofin Ƙofar Mata, ana son mataki bayan mataki, ta yadda wanda bai taɓa gani ba zai iya bi. Idan muhawara ce, dole ka ɗauki ɓangare guda ka kare shi da hujja. Wasiƙa kuma tana da nata tsari, kuma wadda za ka rubuta wa yayanka ba za ta yi kama da wadda za ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ba, a gaisuwa da harshe da rufewa.

Idan an ba ka zaɓi tsakanin batutuwa, ka ɗauki wanda ka fi sani da idonka, ba wanda ya fi ƙayatarwa a kunne ba. Ɗan manomi da ya rubuta yadda ake yin huɗa da shuka zai fi armashi a kan ya tsoma kansa cikin batun tattalin arzikin duniya da bai san kansa ba.

Ka tsuke batun, ka tsayar da magana guda

A ɗauka an ce ka rubuta a kan "matsalar ruwan sha". Wannan batu ne mai faɗi, littafi guda ba zai ƙare shi ba. Ka tsuke shi zuwa abin da shafi biyu za su iya ɗauka: matsalar ruwan sha a unguwarmu lokacin bazara. Yanzu ka sami wuri, ka sami lokaci.

Daga nan ka tambayi kanka: mene ne abu guda da nake so mai karatu ya tashi da shi? Ka rubuta amsar a jimla ɗaya a gefen takarda. Misali: "Rashin ruwa a unguwarmu ya fi cutar da karatun yara, domin su ake turawa ɗiba da safe." Wannan jimla ita ce ginshiƙin insha'inka. Duk abin da ya taimaka wajen tabbatar da ita ya shiga, duk abin da bai taimaka ba ya tsaya a waje, komai daɗinsa. Idan ka kasa faɗin manufarka a jimla ɗaya, to ba ka gama tunani ba tukuna, kuma rubutu ba zai gyara tunanin da bai nuna ba.

Ka tara kayan aiki

Insha'i ba ya tsayawa a kan ra'ayi kawai. Kafin ka fara, ka jera abin da ka sani. Me ka gani da idonka? Layin jarkoki a bakin rijiyar burtsatse tun kafin asuba, 'yan ga-ruwa suna tura kura a cikin rairayi, yara da bokitai a ka suna wucewa ta ƙofar makaranta bayan an kaɗa ƙararrawa. Me ka ji daga waɗanda abin ya shafa? Idan aikin gida ne, ka je ka tambayi mai ga-ruwa nawa yake sayar da jarka da damina, nawa da bazara. Ka tambayi malamin aji yara nawa suke makara. Ka tambayi dattijon unguwa yaushe rabon da famfo ya kawo ruwa.

A nan akwai amana. Kada ka ƙirƙiri adadi don rubutunka ya yi kama da na masana. Jimla irin "bincike ya nuna" ba ta da daraja idan ba za ka iya faɗin wane bincike ba ne, wa ya yi shi, kuma yaushe. Abin da ka ƙirga da kanka a unguwarku, ka kuma faɗi cewa kai ka ƙirga, ya fi adadin da ka tsinta ba ka san asalinsa ba. Haka nan aya ko hadisi: idan za ka kawo, ka tabbatar da lafazinsa da inda yake, in ba haka ba ka bar shi. Idan kuma ka ɗauko maganar wani, ka ambaci mai ita. Kwafo rubutun wani daga intanet ka sa sunanka sata ce, kuma malamin da ya san muryarka zai gane tun daga layin farko.

Ka tsara kafin ka rubuta

Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna ya zana da alli, domin abin da aka yanka ba ya komawa. Haka ya kamata marubuci ya yi da takardarsa, musamman a zauren jarrabawa inda babu lokacin sake kwafa. Minti biyar da za ka ɓatar kana tsari za su cece ka daga soke-soke da kame-kame.

Tsarin ba wani dogon abu ba ne. Ka rubuta muhimman maganganunka uku ko huɗu, kowace a 'yan kalmomi, ka sa musu lamba. A misalinmu zai iya zama haka: na ɗaya, yadda ruwa yake yankewa da bazara, na biyu, wa ake turawa ɗiba kuma da wane lokaci, na uku, abin da hakan yake jawo wa karatu, na huɗu, abin da za a iya yi. Ka lura kowace magana tana buɗe wa ta gaba ƙofa. Idan labari ne, ka bi lokaci. Idan siffantawa ce, ka bi wuri, daga ƙofar shiga zuwa ciki, ko daga nesa zuwa kusa. Idan muhawara ce, ka ajiye hujjarka mafi ƙarfi a ƙarshe, domin ita mai karatu zai fi riƙewa.

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗalibai suna ɓata sakin layin farko wajen share fage: a yi godiya, a ce wannan batu ne mai matuƙar muhimmanci, a ce kowa ya san ruwa shi ne rayuwa. Mai karatu ya riga ya san haka, bai ƙaru da komai ba. Gabatarwa aiki biyu take yi: ta jawo mai karatu, ta kuma gaya masa inda za a dosa.

Dubi bambancin waɗannan biyun. Na farko: "Ruwa abu ne mai matuƙar amfani ga rayuwar ɗan Adam da dabbobi da tsirrai baki ɗaya." Na biyu: "Da an shiga watan Maris, ajin farko na safe a makarantar unguwarmu yakan zama rabi babu kowa, domin yaran suna can a layin rijiya." Jimlar farko kowa zai iya rubuta ta a kowane gari. Ta biyu sai wanda ya gani. Ita ce take sa mai karatu ya ce, "To, me ya jawo haka?" Da zarar ya yi wannan tambaya, ka riƙe shi. Sai ka biyo da jimlar manufarka, ka shiga aiki. Layi huɗu ko biyar sun isa gabatarwa.

Gundarin bayani da ginin sakin layi

Nan ne insha'i yake tsayawa ko ya faɗi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: sakin layi ɗaya, magana ɗaya. Ka buɗe shi da jimlar da take ɗauke da maganar, ka biyo da bayani, ka kawo misali ko hujja, sannan ka wuce. Idan ka ga ka shiga wata magana daban, to lokacin sabon sakin layi ya yi.

Ga yadda magana ta biyu a tsarinmu za ta iya fitowa: "Nauyin ɗiban ruwa a kan yara yake faɗawa. Uba ya fita nema tun da sassafe, uwa tana fama da girki da goyo, kuɗin sayen jarka kullum kuma ba kowane gida ne yake da shi ba. Saboda haka da an idar da sallar asuba sai a tashi yara a miƙa musu bokitai. Wanda ya yi sa'a ya sami layi gajere ya dawo ƙarfe bakwai. Wanda bai yi ba, rana za ta take yana tsaye." Ka ga jimlar farko ta yi da'awa, sauran sun tabbatar da ita da abin da ido yake gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a rubutu misali shi ne ganin. Duk lokacin da ka rubuta kalma irin "wahala", "ci gaba" ko "matsala", ka tambayi kanka: wace irin wahala, ta wa, a ina? Amsar ita ce abin da ya kamata ka rubuta.

Sannan ka ɗaure sakin layi da ɗan'uwansa. Hausa tana da wadatar kalmomin haɗi: "bayan haka", "saboda haka", "duk da haka", "sai dai", "a ɗaya ɓangaren", "bugu da ƙari". Amma kowace da aikinta. "Saboda haka" tana nufin abin da ya biyo sakamako ne na abin da ya gabata. Idan ba sakamakon ba ne, kada ka sa ta don kawai ta cike gurbi.

A insha'in muhawara akwai ƙarin abu guda. Ka kawo hujjar abokin hamayya da kanka, ka faɗe ta da adalci, sannan ka amsa. Wani zai ce ɗiban ruwa tarbiyya ce, yana koya wa yaro juriya da taimakon iyaye. Ka yarda da abin da yake gaskiya a ciki, sannan ka nuna cewa tarbiyyar da za ta hana yaro darasin farko kullum tana karɓar fiye da abin da take bayarwa. Marubucin da ya yi haka ya fi samun amincewar mai karatu a kan wanda ya yi kamar babu wani ra'ayi sai nasa.

Harshe: sauƙi, tsabta, da Hausar gaske

Wasu suna zaton insha'i mai kyau shi ne wanda aka cika da kalmomi masu nauyi da jimloli masu tsawo. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, zai ga akasin haka. Hausarsu a miƙe take, kalmomin na yau da kullum ne, amma kowace tana inda ya dace. Da irin wannan harshe Imam ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Zariya a 1939, har ana karanta ta a zaure wanda bai yi boko ba yana ganewa. Wannan shi ne ma'auni: idan aka karanta rubutunka a bayyane, kakarka za ta gane?

Ka kiyayi Hausar da aka ɗora a kan ƙashin Turanci. Bahaushe ba ya cewa "taron ya ɗauki wuri a Kano", cewa yake "an yi taron a Kano". Ba ya cewa "an kama ɓarawon ta hannun 'yan sanda", cewa yake "'yan sanda sun kama ɓarawon". Maganinta shi ne ka yi tunanin da Hausa tun farko, kada ka tsara jimla da wani harshe sannan ka juyo ta.

Karin magana gishiri ne na zance, amma ɗaya ko biyu da suka faɗa daidai gurbinsu sun fi goma da aka jera don nuna gwaninta. Haka kuma, a jarrabawa da jarida daidaitacciyar Hausa ake nema, wadda aka gina galibi a kan karin harshen Kano. Basakkwace ko Bakatsine da yake cewa "zamna" a gida, a takarda "zauna" zai rubuta. Wannan ba raini ba ne ga karin harshen kowa, hanya ce ta sa mai karatu a Maraɗi da na Bauchi da na zangon Kumasi su karanta abu guda su fahimce shi daidai. Idan kana shakkar ma'anar kalma ko yadda ake rubuta ta, ka duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, wanda yake bayanin Hausa da Hausa.

Ƙa'idojin rubutu

A nan ɗalibai suka fi zubar da maki, kuma a nan gyara ya fi sauƙi. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba ra'ayin wani malami ba ne. An yi zama a kansu, ciki har da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, kuma mai son tarihin abin zai same shi a littafin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya.

Na farko, haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da 'y, wanda a Nijar ake rubuta shi ƴ. Barinsu yana sauya ma'ana. "Kafa" daban, "ƙafa" daban. "Fada" wurin sarki ce, "faɗa" kuwa rigima. Wanda ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi" ya bar mai karatu da canki-canki.

Na biyu, haɗewa da rabawa. Ana haɗe "yana", "tana", "suna", "muka", "suka". Ana raba "za" da wakilin suna: "za ta", "za mu", "za su", ban da "zan" da "zai". Gajeriyar mallaka a haɗe take: "gidansa", "motarta", "makarantarmu". Doguwar mallaka a rabe: "wani gida nasa". Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa a rabe yake: "ya gan shi", "ta ba ni", "sun kira mu". "Ne" da "ce" kullum su kaɗai suke tsayawa, kuma suna bin jinsi: "ruwa ne", "rijiya ce".

Na uku, alamomin rubutu. Aya tana rufe jimla, waƙafi yana ba da numfashi, alamar tambaya tana bin tambaya, maganar wani kuma a saka ta cikin alamar zance. Sunan mutum da na gari da farkon jimla da babban baƙi suke farawa. Taƙaice-taƙaicen da aka saba da su a saƙon waya da Facebook su tsaya can, ba su da gurbi a insha'i.

Kammalawa

Kammalawa ba wurin sabuwar magana ba ce, kuma ba wurin kwafo gabatarwa ba ce kalma da kalma. Ka tattara abin da ka tabbatar a jimla biyu ko uku, ka faɗi abin da ya biyo baya. A misalinmu za ka iya rufewa da shawara takamaimai: masu unguwa da iyaye su tsara a riƙa ɗiban ruwa da yamma bayan an tashi daga makaranta, ƙungiyar unguwa ta haɗa kuɗin gyaran rijiyar da ta lalace. Wannan ya fi "muna kira ga gwamnati da ta duba lamarin", jimlar da aka maimaita har ta daina motsa kowa. Idan za ka yi kira, ka faɗi wa kake kira, kuma me kake so ya yi.

Bita

Rubutun farko ba shi ne na ƙarshe ba. Idan aikin gida ne, ka ajiye shi ya kwana, ka dawo masa da sabon ido. Ka karanta shi a bayyane da muryarka: duk inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo, ka raba ta, duk inda harshenka ya sarƙe, akwai gyara. Ka yi bitar sau biyu. A karon farko ka duba ma'ana: kowane sakin layi yana hidima ga manufar? Akwai abin da aka maimaita? A karo na biyu ka duba ƙa'idoji, harafi da harafi. A jarrabawa ka ware mintunan ƙarshe don wannan, ka kuma tabbatar ba ka gaza adadin kalmomin da aka ƙayyade ba, ba ka kuma zarce shi da yawa ba. Rubutun hannu ma ya zama mai karantuwa, domin mai dubawa ba zai ba da maki ga abin da ya kasa karantawa ba.

Karatu da yawan gwaji

Babu wanda ya iya rubutu ba tare da karatu ba. Ka karanta Magana Jari Ce, ka karanta jaridun Hausa irin su Aminiya, amma da idon mai koyo: ta yaya marubucin ya buɗe, ta yaya ya tsallaka daga wannan magana zuwa waccan, me ya sa wannan sakin layi ya kama ka? Sannan ka riƙi littafi guda na musamman, kullum ka rubuta sakin layi ɗaya a kan abin da ka gani a ranar, ko mai shayi ne yana haɗa wa mutane, ko yadda hadari ya taso. A ƙarshen mako ka zaɓi ɗaya ka faɗaɗa shi ya zama cikakken insha'i, ka kai wa malaminka ko wani da ya fi ka sani ya duba. Ka roƙe shi ya nuna maka duk inda ya tsaya bai gane ba, ka karɓi gyaran da hannu biyu, ka sake rubutawa. Wanda ya lizimci haka zango guda na karatu, shi da kansa zai ga tazarar da ke tsakanin shafinsa na farko da na ƙarshe.